Cire wa kyanwa ido: allurar bayan ido, ta kewayen ido, ko zuba magani a gurbi?

Ɗalibar shekarar ƙarshe:
Assalamu alaikum malamaina. Kyanwa ce mai kilo 3, idonta na hagu ya fashe, ba ya gani, an yanke shawarar cire shi. Za a sa ta barci gaba ɗaya da bututu a maƙogwaro. Shin akwai buƙatar a ƙara allurar kashe zafi a gurbin idon? In akwai, wacce: ta bayan ido irin wadda ake yi wa kare da saniya, ko wata daban? Kuma mil nawa?

Likitar sa barci:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai buƙata ƙwarai. Barci yana hana dabba sanin abin da ake yi mata, amma jijiyar da ke ɗauko ciwo daga ido ba ta daina aiki ba. Shi ya sa da almakashi ya kai bayan ido sai bugun zuciya ya tashi, a ƙara gas ɗin sa barci, hawan jini kuma ya sauka. In an kashe jijiyar tun farko, gas kaɗan ya wadatar, kyanwar ta farka a natse ba tana kai farce wurin ɗinki ba.

Amma kafin maganar inda za a soka allura, a ɗora ta a sikeli. Bufibaken, maganin kashe zafin da ake wannan allura da shi, mai ƙarfin kashi 0.5 yana da miligiram 5 a kowane mil. Iyakar kyanwa miligiram 2 ne a kowane kilo, wasu ma suna tsayawa a 1. Kilo 3 ke nan miligiram 6, wato mil 1.2, kuma wannan shi ne na aikin duka, ba na allura ɗaya ba. In lidoken ne, wani maganin kashe zafin, mai kashi 2, kowane mil yana da miligiram 20. A miligiram 4 kowane kilo, mil 0.6 kacal ya halatta. Ki rubuta lissafin a takardar barci kafin ki fasa kwalba.

Dattijon likitan tiyata:
Hajiya, lissafinki daidai ne, amma ni ban yarda a tura allura a makance bayan idon kyanwa ba. Gurbin ƙarami ne, ƙwayar idon ta cika shi, jijiyar gani gajera ce. A ba ta maganin ciwo mai ƙarfi tun kafin barci, a cire idon, a tsayar da jini, sannan a ɗiga bufibaken ɗin a cikin gurbin, a jira minti biyu zuwa uku kafin a rufe. Babu huda ido, babu shiga jijiya.

Likitar sa barci:
Ranka ya daɗe, zuba magani a gurbi yana taimakawa bayan aiki, ban musa ba. Matsalarsa ita ce yana zuwa bayan an gama yankan da ya fi kowanne ciwo. Ga jini yana tsarma shi, ga auduga tana tsotse shi, ba a san nawa ya zauna ba.

Likitan ido:
Baba yana da gaskiya a kan allurar bayan ido, sai dai akwai hanya ta uku. Bari in faɗi yadda wurin yake. Tsokokin da ke juya ido sun taso daga can ƙuryar gurbi suka buɗe suka kama ƙwayar idon, kamar mazurari. A cikin mazurarin nan jijiyar gani take, da jijiyoyin jini, da ƙananan jijiyoyin da ke kai ji ga koniya, wato madubin gaban ido. Allurar bayan ido nufinta a kai bakin allura cikin mazurarin a zuba magani kaɗan, kamar mil 1. Allurar kewayen ido kuwa ana tsayawa a wajen mazurarin, a zuba ruwa mai yawa, ya ratsa kitsen gurbin ya shiga ciki da kansa.

An gwada su biyun a jami'ar Kalifoniya da ke Debis, aka buga sakamakon a 2014, Yael Shilo-Benjamini da abokan aikinta. Kyanwoyi shida, kowacce an yi mata duka biyun a lokuta daban, aka haɗa maganin da sinadarin da ke fitowa a hoton sikanin don a ga inda ya tafi. Ta bayan ido, a uku kawai ya shiga mazurarin. Ta kewayen ido, ya shiga a duka shidan. Kyanwoyi shida ba su da yawa, na sani, amma abin ya dace da yadda gurbin yake: allurar da ta fi haɗari ita ce kuma ta fi kuskuren wuri. Ban ga dalilin da zai sa a ci gaba da ita a kyanwa ba.

Ɗalibar shekarar ƙarshe:
Dokta, don Allah yaya ake yin ta kewayen idon, daki-daki?

Likitan ido:
Sai kyanwa ta yi barci, bututu yana ciki, an aske gashi. A wanke fata da cikin ido da ruwan aidin na fobidon da aka tsarma, kashi 1 cikin 50 na ruwan gishirin asibiti. Na ruwa, ba mai kumfa ba. Kada kulohesidin, wani maganin wanke fata, ko sifirit ya kusanci ido, musamman ɗaya idon mai lafiya, suna ƙona koniya.

Ki ja mil 1.2 ɗin nan, ki cika da ruwan gishiri ya kai mil 3. Ƙarfin ya koma kashi 0.2, ya isa kashe jijiyar ji. Allura ƙarama, geji 25, mai tsawon milimita 16. Ki sa yatsa ki taɓo bakin ƙashin gurbi ta sama, ɓangaren da ke kusa da hanci. Nan za ki shiga ta fatar ido ta sama, allurar tana bin jikin ƙashin, ba tana nufar ƙwayar ido ba. Ki tura ta har ƙarshenta. In ta dungure da ƙashi, ki ja baya kaɗan ki gyara.

Kafin turawa abu uku. Ki motsa allurar gefe da gefe a hankali ƙwarai kina kallon idon: in ƙwayar ta bi motsin, kin kama farin ido, ki fito. Ki ja sirinjin baya: jini ko ruwa garau, ki fito. Sannan ki fara turawa: ya kamata ya tafi ba tare da gardama ba, in kin ji tauri ki tsaya. Ki zuba a hankali, kamar minti ɗaya, kina jan sirinjin baya bayan kowane mil don duba jini. In kin zare, ki danna fatar idon a rufe da auduga na ɗan lokaci, sannan ki jira minti 10 zuwa 15. Ana iya yin shimfiɗar zanen tiyata a wannan lokacin, ba a yi asarar komai ba.

Za ki ga idon ya ɗan turo gaba, farar tantanin ciki ta kumbura, ƙwayar ta tsaya a tsakiya, tsagar baƙin ido ta buɗe ta zama da'ira in idon yana da sauran siffarsa. Duk wannan alamar maganin ya kai ne.

Dattijon likitan tiyata:
Mil 3 a gurbin kyanwa? Ina zai shiga? Wannan matsi ne a kan idon da ya riga ya fashe.

Likitan ido:
Matsi ne, Baba, kuma an auna shi a wancan gwajin: matsin cikin ido yana tashi nan take, ya koma daidai cikin kamar minti goma. A idon da za a cire ba damuwa ba ne sosai. Inda yake zama haram shi ne idon da ake son ceto kuma bangonsa ya yi siriri: gyambon koniya mai zurfi, wanda saura fata ɗaya ya huje, ko yankan farce da ake shirin ɗinkewa. Mil 3 a bayan irin wannan ido zai iya fasa shi a gabanka.

Inda kuma na koma kan shawararka gaba ɗaya wuri biyu ne. In gurbin ya kumbura da mugunya, allura za ta kai ƙwayoyin cuta ciki, maganin ma ba ya ci sosai a naman da ya ruɓe saboda tsaminsa. In kuma ana zargin daji ya fito wajen ƙwayar ido, irin wanda ke tasowa shekaru bayan rauni a idon kyanwa, ba a soka masa allura. A nan zuba a gurbi shi ne daidai.

Masanin magunguna:
Ina so in tsoma baki a kan kwalbar kanta, don a nan ake yin kuskuren da lissafi ba ya kamawa. Bufibaken da ake yawan samu a kemis ɗin kusa da asibitoci shi ne na allurar baya da ake yi wa mata masu haihuwa ta tiyata, ƙaramar kwalba mai mil 4. An haɗa shi da gulukos, miligiram 80 a kowane mil, don ya yi nauyi a cikin ruwan laka. Ba shi ake nema ba, a nemi tsurarsa. Lidoken kuma da yawa yana zuwa haɗe da adirenalin, musamman na masu haƙori. Adirenalin yana tsuke jijiyoyin jini, kuma a bayan ido akwai waɗanda ke ciyar da tantanin gani. A idon da za a bari, a guje shi. A karanta jikin kwalba, ba kwali kawai ba.

Na biyu, lidoken ɗin da ake sa wa maƙogwaro kafin a zura bututu yana cikin lissafi. Feshin mutane mai kashi 10, feshi ɗaya miligiram 10 ne. Kyanwa mai kilo 3 ta kusa cinye rabonta na lidoken da feshi ɗaya. A ja mil 0.1 na mai kashi 2 a sirinji a ɗiga, miligiram 2 ke nan. Gubar lidoken da ta bufibaken haɗuwa suke yi, ba kowanne da iyakarsa daban ba. Feshin kashe zafi da ke da benzoken kuwa kada ya shiga bakin kyanwa sam, yana ɓata jininta ya kasa ɗaukar iska, dadashi ya koma ruwan ƙasa.

Ma'aikacin jinyar dabbobi:
Yallaɓai, to haɗa lidoken da bufibaken a sirinji ɗaya fa, don ya fara da wuri ya kuma daɗe?

Masanin magunguna:
Ribar kaɗan ce. Kowanne ya tsarma ɗan'uwansa, saurin farawar bai taka kara ya karya ba, daɗewar bufibaken kuma ta ragu. A dabbar da duk rabonta mil ɗaya da ɗigo ne, gara magani ɗaya da lissafi ɗaya. A jira minti goman.

Likitar sa barci:
Ina goyon baya. Bari in koma kan abin da Baba yake tsoro, don tsoron yana da tushe. Jijiyar gani tana cikin kube, kuben kuma a haɗe yake da ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa. In bakin allura ya shiga kuben, maganin zai bi ya kai gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi. A 2013 an ba da rahoton kyanwa a Ingila da hakan ya same ta bayan allurar bayan ido: numfashi ya ɗauke cikin mintoci, aka yi ta hura mata iska, ta daɗe ba ta farka ba, amma ta warware. Abin da ya cece ta bututu ne da jakar hura iska. Alamomin su ne ɗaukewar numfashi jim kaɗan bayan allura, bugun zuciya da hawan jini su rikice, tsagar ɗaya idon ma ta buɗe. Ba shi da wani magani illa a numfasa mata, sau 8 zuwa 12 a minti, a rage gas ko a kashe, a ɗumama ta, a jira maganin ya saki.

Don haka ra'ayina a fili yake: wanda zai yi aikin da alluran sa barci ketamin da zailazin kawai, babu bututu, babu iskar oksijin, babu allurar ƙarin ruwa a jijiya, kada ya yi ko wacce allura a gurbin ido, ya bi hanyar Baba. Kuma a sani zailazin yana sa kyanwa amai, amai yana ɗaga matsin ido, ketamin ma yana iya ɗaga shi. A idon da ake son ceto mai siririn bango wannan haɗin bai dace ba.

Ɗalibar shekarar ƙarshe:
Anti, in maganin ya shiga jini fa, me za a gani?

Likitar sa barci:
A dabbar da ke farke, rawar tsoka da farfaɗiya ne ke fara zuwa. A wadda ke barci gas ya rufe wannan, sai dai ki ga zuciya: bugu ya ragu, layin na'urar auna bugun zuciya ya faɗaɗa, hawan jini ya faɗi. Bufibaken yana manne wa tsokar zuciya ya ƙi saki, shi ya sa ya fi lidoken wuyar juyawa. Ki daina allurar, ki kashe gas, oksijin zalla. Farfaɗiya a ba ta midazolam miligiram 0.2 a kilo ta jijiya. Maganin gubar shi ne ruwan kitsen nan fari na ciyarwa ta jijiya, mai kashi 20: mil 1.5 a kowane kilo a hankali, wato mil 4.5 ga kyanwarki, sannan mil 0.25 a kilo kowane minti na rabin awa, ana sauraren huhu don kyanwa ba ta jure yawan ruwa. Kuskuren da ke kisa shi ne a ga zuciya ta rikice a ɗauko lidoken a ba ta ta jijiya kamar yadda aka saba a kare. Guba ce aka ƙara a kan guba.

Ma'aikacin jinyar dabbobi:
Daga ɓangarenmu masu tsaye a kan na'ura, abu biyu. Lokacin da likita ya ja ko ya danna ƙwayar ido, bugun zuciya yana iya faɗuwa farat ɗaya, daga 150 ya dawo 80 ko ƙasa. A faɗa da ƙarfi, likita ya saki idon, yawanci yana dawowa da kansa. In bai dawo ba, atirofin, maganin ɗaga bugun zuciya, miligiram 0.02 zuwa 0.04 a kilo ta jijiya. A ja shi a sirinji a ajiye tun kafin a fara. Allurar gurbi tana rage faruwar wannan, amma ita kanta turawar ruwan tana iya jawo shi.

Na biyu, ɗaya idon. Da ketamin idon kyanwa a buɗe yake, hawaye ya ragu, fitilar tiyata da fanka suna busar da shi a ƙarƙashin zane ba wanda ya gani. A shafa masa man ido kafin a rufe, a sake kowane rabin awa in aikin ya ja.

Dattijon likitan tiyata:
Madalla da wannan. To ga nawa gargaɗin ga 'yata mai tambaya, tunda allurar ku tana turo ido gaba tana sa aikin ya yi sauƙi. Sauƙin nan kada ya ruɗe ki ki ja idon. Jijiyar ganin kyanwa gajera ce, in kika ja ƙwayar gaba don ki sa makama, wato ƙarfen matse jijiya, a bayanta, jan yana kaiwa mahaɗar jijiyoyin gani biyu a ƙasan ƙwaƙwalwa. Kyanwa ta farka ido ɗaya a cire, ɗayan a makance, tsagarsa a buɗe ba ta amsa haske. Ba ya gyaruwa sau da yawa. A kyanwa ba a sa makama, ba a murɗa ido. A yanke tsokoki ɗaya bayan ɗaya dab da farin ido, a zura lanƙwasasshen almakashi a yanke jijiyar ba tare da an gan ta ba, a cusa auduga a danna minti biyar. In idon ya yi girma ya cika wuri, a zuƙe ruwansa da allura ya saki, muddin ba daji ake zargi ba. Haka kuma kada a sa ƙarfen buɗe baki mai sifirin: buɗe bakin kyanwa har ƙarshe yana matse jijiyar jinin da ke kai wa ido da ƙwaƙwalwarta.

Likitan ido:
Babu abin da zan ƙara a kan wannan, Baba. Sai batun fatar ido. Jijiyoyin jinta da yawa ta gurbi suke fitowa, allurar kewaye tana kama mafi yawansu, amma ba kullum take gamawa da fata ta ƙasa da kusurwar waje ba. In za a cire idon ta hanyar ɗinke fatun biyu a yanka kewaye, a tsarma mil 1.2 ɗin ya kai mil 3.5, a sa 3 a gurbi, sauran rabin mil a bi layin yankan da shi ƙarƙashin fata. Wannan layin shi kaɗai ma ya isa ga aikin fata zalla, kamar gyaran fatar da ta naɗe ciki gashi yana gogar ido, ko yanke dajin fata da ke kama gefen idon fararen kyanwoyi masu kwana a rana. Sai dai a gyaran naɗewa, a auna a zana abin da za a yanke kafin allura, don ruwan yana kumbura fatar ya ɓata awon. Allurar da ake yi a saman ƙashin kunci don hana ƙifta ido kuwa, motsi kawai take kashewa, ciwon yana nan.

Ɗalibar shekarar ƙarshe:
Ɗigon kashe zafi na ido fa, yana da amfani a nan? Kuma in 'yar kyanwa ce ƙarama, irin waɗanda murar kyanwa ke fasa wa ido?

Likitan ido:
Ɗigon furofaraken mai kashi 0.5 koniya da tantanin sama kawai yake kashewa. A kyanwa ƙarfinsa na gaske kamar minti biyar ne, ya gama saki cikin kamar minti 25, ya fi na kare gajarta. Na auna matsin ido ne, da cire ƙaiƙayi a bayan fata ta uku, wato tantanin da ke kusurwar ido ta wajen hanci, da kankare gefen gyambo. A ajiye shi a firji, in ya canja launi a zubar. A yi gwajin hawaye a ɗauki samfurin ƙwayoyin cuta kafin a ɗiga. Kuma ba a ba mai kyanwa ya tafi da shi gida ko ya roƙa: maimaita shi yana kashe fatar koniya, ya hana gyambo warkewa, ya iya kai shi ga narkewa.

Likitar sa barci:
'Yar kyanwa mai giram 500, a tsaya a miligiram 1 a kilo, don hantarta ba ta ƙosa ba. Miligiram 0.5 ke nan, mil 0.1. Ba a iya auna wannan da sirinjin mil 5, sai na insulin ko na mil 1. A tsarma ya kai rabin mil. A wannan girman ni ma zuba a gurbi na fi so, ƙashin ya yi laushi, wurin ya yi ƙanƙanta. Abin da ya fi kashe su ma sanyi ne da faɗuwar sukari da zubar jini: duk jinin jikinta bai wuce mil 30 zuwa 35 ba, auduga biyu da suka jiƙe sharkaf babbar asara ce.

Masanin magunguna:
Kashe zafin gurbi na 'yan sa'o'i ne, a shirya abin da zai karɓe shi. Bufirenofin miligiram 0.02 a kilo kowane awa 6 zuwa 8, da melosikam miligiram 0.2 a kilo ƙarƙashin fata sau ɗaya, in ƙoda lafiya, hawan jini bai faɗi a tiyata ba, kuma ruwan jikinta bai yi ƙasa ba. A faɗa wa mai ita baki da baki, a kuma rubuta: kada a ba ta farasitamol ko ɓari, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta.

Ma'aikacin jinyar dabbobi:
A kuma gaya masa ɗan jini-jini zai iya fitowa ta hancin ɓangaren na kwana ɗaya ko biyu, ta hanyar hawaye yake bi, kada ya firgita. A sa mata abin wuya mai hana sosa har a cire zare, kwana 10 zuwa 14.

Dattijon likitan tiyata:
Ni dai inda babu bututu ina nan kan bakana. Inda akwai, na yarda da gajeriyar allurar da ke bin ƙashi. 'Yata, idon da kika cire ki jefa a fomalin, ruwan adana nama, mai kashi 10 a aika ɗakin gwaji, ko da kin tabbata rauni ne. Washegari kuma, kafin a sallame ta, ki haska ɗaya idon ki ga tsagar ta tsuke, ki saki ƙullin auduga a gabanta ki ga ko ta bi shi da kallo, ki rubuta abin da kika gani a kati.